Gurbin da Barmo Ya Ajiye a Gangare

Barmo ba ɗan garinmu ba ne. Daga wani ƙauye na bayan Tajaye ya zo, shekarar da hatsi ya ƙi, shi da matarsa Karima da jaki ɗaya. Jakin bai ga damina ta gaba ba. Ya yi dako a tasha, ya tafi Malbaza ya yi shekara biyu yana lodin siminti, har ƙirjinsa ya fara yi masa kuka, ya dawo. A lokacin mai haƙa mana kabari ya tsufa, kuma babu mai son ya gaje shi. Barmo bai ce wa kowa ya karɓa ba. Mun dai lura in an yi rasuwa, gidansa ake kai kara.

Karan dawa ne da ake auna tsawon mamaci da shi. Ana miƙa masa, ya ɗauki dagi da shebur ya wuce, ba ya tambayar ko wane ne. Ya ce in ya sani hannunsa nauyi yake yi.

Ni tela ne, kekena na bakin masallaci. Likkafani a hannuna yake bi kafin gawa ta isa wurin Barmo, ta haka muka saba. Yakan zo bayan la'asar ya zauna a bencina. Wata rana mu yi magana uku, wata rana ko ɗaya.

Maƙabartarmu tana yamma da gari, kashi biyu ce. Akwai tudu, mai tsakuwa, ya kusa cika tun zamanin iyayenmu. Akwai gangare, jar ƙasa mai laushi da itatuwan aduwa, can ake kai kowa yanzu. Can aka kai Karima, shekara goma sha ɗaya kafin abin da zan faɗa. Mutane sun ce ya bari wani ya haƙa. Bai bari ba.

Ɗansu Zaidu yana Aljeriya, da salla yake kira. 'Yarsu Latifa tana aure a Badaguishiri, ta yi ta cewa ya koma wurinta. Yakan ce aiki ya riƙe shi.

A gefen kabarin Karima, ta gabas, akwai fili tsawon mutum ɗaya. An binne mutane gaba da shi, an binne baya da shi, shi yana nan. In dangin mamaci suka nuna wurin, Barmo yakan girgiza kai.

"Akwai dutse nan. Dagi bai shiga."

Duk gangaren nan babu dutsen da ya kai goro. Kowa ya sani, ba wanda ya taɓa cewa a gwada. Jibo mahauci ne kaɗai ke taɓa maganar, don shi abokin wasansa ne.

"Kai Barmo, dutsen nan naka bai girma? Shekara goma yana nan tsawonka cif!"

"Kai dai rage cin kitse. Ran da anka kawo min karanka, sai na nemi gayya."

"Ni ba ka haƙa min. Rowa gare ka, matse ni za ka yi."

Ruwan garinmu kuwa, na kwata da na wanka da na sama, kududdufin bayan kasuwa yake taruwa. Akwai wani tsohon inji a can da ke ɗebe shi yana turawa rafi. Kowace damina sai ya mutu, kuma a makon da aka fi bukatarsa. Ruwa ya komo unguwa, masai ya cika ya tumbatsa, katangu su jiƙa su zauna. Sauro kuwa ba a magana. Barmo ya fi kowa sanin wannan, don a watan takwas gajerun kara ake yawan kai masa.

Sai aka kawo sabon aiki. Aka rushe ɗakin tsohon inji, aka kafa famfo biyu manya masu aiki da hasken rana. Aka binne tiyo mai kauri ƙarƙashin hanya, ya fita gari ya yi yamma, ya zube cikin wasu manyan tafkuna biyu da aka haƙa don ruwan ya kwanta ya tace. Tafkunan suna can bayan maƙabarta, a ɗan sama da gangare. Da aka zo aunawa an kira Liman, an ce tsakani da nisa. Mu ma da ido mun ga da nisa.

Aikin ya yi kyau, wannan ba na ɓoyewa. Daminar farko ba katangar da ta faɗi a unguwarmu. Kududdufi ya bushe har mata suna shanya kuɓewa a bakinsa. Barmo ya ce mini wata rana, yana kallon ƙasa:

"Malam, bana gajerun sun ragu."

Na ce alhamdu lillahi. Ya ce alhamdu lillahi.

A rani na biyu ne gangare ya fara sauyawa. Ciyawa ta fito kore shar a watan uku, lokacin da ko'ina ya ƙone. Awaki suka gane wurin, suna tsallaka shinge. Wani farin gishiri-gishiri ya hau kan ƙasa. Gara ta bar surinta na gindin aduwa. Mutane suka ce ni'ima ce ta sauka a kan mamata, har wasu suna roƙon a sa su inda ya fi kore. Barmo bai ce ni'ima ce ba, bai kuma ce ba ita ba ce.

A cikin zafin nan Goggo Sakina ta rasu, tsohuwa mai sayar da daddawa, ta bar wasiyya a sa ta kusa da mijinta a gangare. Muka kai ta da hantsi. Da na leƙa don miƙa itacen rufi, na ga ƙasan ƙaramin kabarin, inda ake kwantar da gawa, fari ne tas da yashi. Ƙasar wurin ja ce. Ni kuma tela ne, ƙafar wando nake fara gani a jikin mutum. Ta Barmo a jiƙe take har ƙauri, da baƙin laka, a watan da ko raɓa babu.

Ya ga na gani. Muka rufe Goggo, muka yi addu'a, muka watse.

Kwana goma sha biyu bai zo bencina ba. A masallaci yana sahun baya, ana sallamewa ya fita. Mai kokon unguwarsu ta ce ya daina aiko da kwano. Wani mai amalanke ya ce ya gan shi da rana tsaka yana zagaya tafkunan nan, ya tsaya, ya duƙa, ya tashi, ya bi gangare a hankali kamar mai bin sawun dabba. Ya ce ya ga ya soka dagi a ƙasa, ya zaro, ya kai bakin ƙarfen hancinsa.

Na yi niyyar in je gidansa. Na kai ƙofar sau ɗaya, na ji shiru, na ga takalminsa guda biyu a bakin ɗaki, babu na kowa kusa da su. Na juyo. Ban san abin da zan ce ba, kuma abin da zan ce ɗin ya riga ni sani.

A kwana na goma sha uku Yahuza direba ya rasu bayan jinya. Aka kai kara da safe. Muna zaune a ƙofar masallaci, an gama wanka, na miƙa likkafani, ana jiran a ce kabari ya samu. Sai ga Barmo, kara a hannu ɗaya, bokiti a ɗaya. Ya zo gaban Liman ya durƙusa, ya ajiye bokitin. Kafin mu leƙa, warin ya iso.

"Mi ne ne wanga, Barmo?" in ji Liman.

"Daga kushewar yau, Allah gafarta Malam. Ban kai ƙugu ba ya taso."

"Ruwan rijiya?"

"Ruwan gari ne. Wanda munka kora."

Liman ya dubi bokitin ya daɗe. Dattijo ne mai sanyin murya, ya girmi Barmo da kaɗan.

"Tun yaushe?"

"Tun Goggo Sakina. Yashi na zuba na rufe shi."

Jikan Goggo yana cikin mutane, ya miƙe, wani ya kama rigarsa ya zaunar da shi. Liman ya shafa gemu.

"Allah shi gafarta muna baki ɗaya. Amma ka san in na kai maganar ga meri, hukumar gari, rufe gangaren za a yi. Duka."

"Na sani."

"Har wurin dutsen."

"Har shi."

Yahuza a tudu aka sa shi, a wani lungu tsakanin tsofaffin kaburbura. Tsakuwa ta hana sauri, mutum huɗu suka karɓi dagi suna ba juna, ba mu gama ba sai bayan azahar. Jibo na cikin masu haƙa, da ƙibarsa da gumi. Ranar bai yi wasa ba.

Maganar ba ta yi wa kowa daɗi ba. Matan bayan kasuwa suka ji cewa za a kashe famfo. Ɗaya ta tare Barmo a hanya, ina ji daga kekena.

"Baba, matattu sun huta. Mu masu rai za ka maido ma ruwan masai cikin ɗaki?"

"Ban ce a kashe ba, ɗiyata."

"To mi ka ce?"

"Abin da na gani."

Bayan mako guda injiniyan aikin ya zo daga Tawa, wani mai suna Mahamudu, da motarsa da ƙarafan awo. Mutum ne mai ladabi, ya cire takalmi kafin ya shiga maƙabarta. Barmo ya bi da shi wuri-wuri, yana nuna masa inda ruwan ya fi kusa da inda bai kai ba tukuna. Duk inda ya nuna, in aka huda, haka ake samu. Mahamudu ya ce ƙasan tafkunan yumɓu aka daddaɓe, zafi ya tsattsaga shi, ruwa ya sami hanya ta ƙasa ya bi gangara. Ya ce za a gyara su ɗaya bayan ɗaya, a shimfiɗa musu abin da ruwa ba ya ratsawa, ba sai an tsayar da famfo ba.

Ina tsaye kusa lokacin da Barmo ya ja shi gefe, daidai aduwar da ke kan Karima.

"In kun gyara, ƙasar ga za ta bushe?"

"Za ta bushe, Baba."

"Yaushe?"

"Ƙasa ba ta sauri. Kafin a yarda a sake sa mutum nan, shekara bakwai. Wataƙila goma."

Barmo ya gyaɗa kai. A lokacin ya haura saba'in da huɗu, ga ƙirjin nan na Malbaza.

"Waɗanda ke ciki fa?"

Mahamudu ya dubi Liman. Liman ya ce waɗanda ke ciki suna hannun Wanda ya fi mu, ba a tone su.

Aka ba da gonar wani bawan Allah a bayan tudu ta zama sabuwar maƙabarta. Meri ta ce a can layi-layi za a riƙa yi, kowa inda ya samu, ba zaɓe. Gangare kuma a kewaye shi da ƙaya, saboda awaki da masu mantuwa. An ce matasa su yi. Barmo ya ce shi zai yi, ya san iyakar ruwan.

Kwana huɗu yana sarar ƙaya yana ja. A rana ta ƙarshe na rufe keke na je na taya shi, ko da yake abin da nake ja bai kai rabin nasa ba. Da ya rage ƙofa ɗaya, ya shiga ciki. Na tsaya a waje ina gyara reshen da ba ya bukatar gyara. Ya ɗan jima. Ya fito da wani tsohon kasko da yake zuba wa tsuntsaye ruwa a gindin aduwar, ya ajiye shi a waje, ya ja reshe na ƙarshe ya toshe, ya danna da ƙafa.

Latifa ta zo daga Badaguishiri da ta ji labari. Ta ce yanzu kam ba abin da ya riƙe shi. Ya ce sabon wuri ƙasarsa tauri gare ta, matasa ba su san ta ba tukuna. Ta kwana biyu ta koma ita kaɗai.

Barmo ya dawo bencina bayan la'asar, kamar da. Jibo ya yi wata biyu yana wucewa da sallama kawai. Wata rana ya tsaya da tirensa a ka, ya dubi Barmo, ya rage murya.

"To, Barmo. Can sama ina ka aje ma kanka?"

"Inda layi ya iske ni."

"In ya iske ka kusa da ni fa?"

"Sai in yi haƙuri."

Jibo ya yi dariya, bai kai ƙarshenta ba, ya wuce. Barmo ya zauna har rana ta sauka kan rufin kasuwa. Daga nan ana jin famfunan suna aiki, ƙararsu ba ta da yawa. Da aka kira magariba ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya shiga alwala.