Kufai a Ƙarƙashin Gidan Waƙa

Jikata Bilki ke rubutawa, ni Hajiya Tabawa ke faɗa. Ban yi boko ba, amma ba a taɓa gyangyaɗi ina ba da labari ba.

Morrisania, biyar da rabi na asuba

Ina sallame salla na ƙwanƙwasa wa maƙwabciyata Loreta, baƙar fata 'yar ƙasar nan, ta haura tamanin. Ba ta jin Hausa, ba na jin Turanci, amma shekara biyu muna musayar kwano. Jibi ɗanta zai ɗauke ta zuwa wata jiha mai nisa, ga ƙafa ta ƙi. Abu ɗaya ta roƙa: a kai ta inda aka haife ta. Tun da aka tashe su tana budurwa ba ta sake taka wurin ba.

Malam Sule ɗan Maraɗi ya kai mu tasha, ni da ita da Bilki, a tasinsa, minti goma.

"Hajiya, ina zuwa da kwano tun da duhu?"

"Gaisuwa."

"Allahu akbar. Wa ya rasu?"

"Unguwa guda."

Manhattan, bakwai saura kwata

Jirgin ƙarƙashin ƙasa, kusan dala uku kowa, minti talatin da biyar. Muka fito, sai ga gini fari fat mai bakuna biyar dogaye, ga ruwa na tsiri a gabansa. Nan ne gidan opera, inda suke wasan kwaikwayo da waƙa. Loreta ta waiga gabas, ta waiga yamma, ba ta gane ko bango ɗaya ba. Muka zauna jiran a buɗe.

Ciki, ƙarfe goma

Wani saurayi mai kwat ya zagaya da mu, Bilki na fassara. Wai da can wasu sababbin attajirai aka hana kujerun alfarma a tsohon gidan waƙa, suka yi zuciya suka gina nasu. Da wancan ya yi musu kaɗan aka gina wannan. Ya nuna jan kafet, ya nuna fitilun da ke hawa sama da kansu. Sannan ya ce wurin da lalatacciyar unguwa ce, aka share.

Sai na ji Loreta ta matse mini hannu.

"Bilki, tambaye shi, shara aka share ko mutane?"

"Kaka, ana kallonmu fa."

"Su kalla, ba tsirara nake ba!"

A wurinmu ko tarihin ƙauye za ka bayar, da wanda ya sari daji kake farawa. Shi kuwa ya ɓata rabin awa kan masu kuɗin da aka hana kujera, ya binne unguwa sukutum da kalma uku. Da Bilki ta tambaye shi, ya ce wannan ba ya cikin takardarsa. Na ce to ga takarda nan tsaye da sanda.

Loreta ta buɗe baki. Ta faɗi layinsu, ta faɗi uwarta mai wanki da guga, da kiɗan da ke fita ta kowace taga tun ba a aza dutsen gidan nan ba.

Bayan gini, sha biyu da kwata

Daga kwanar titin baya ta gane hanya. Ta dinga ƙirga taku, ta tsaya cak a ƙofar da manyan motoci ke sauke kaya. Na shimfiɗa mayafina, na buɗe kwanon ƙosai. Ni na yi addu'ata, ita ta yi tata.

Mai gadi ya taho, wai ba a zama a nan. Na yunƙura zan wanke shi tas, Loreta ta dafa ni.

"Ɗana," in ji ta, "a kicin ɗin uwata kake tsaye."

Ya dubi ƙasa. Ya cire hula, ya ja da baya taku biyu.

Gida, uku da rabi

Mun iso lafiya, alhamdu lillahi. Na gode wa Malam Sule da Bilki. Da Loreta ta shiga ɗakinta, na sa Bilki ta maimaita mini sunan uwarta da na layinsu har suka zauna mini. Duk wanda ya zo jin labarin gidan waƙar nan, daga kicin zan fara.