Jakar Ulun Glenys

Shekara goma sha ɗaya Glenys Tuckwell ta yi tana renon jariran maguna a gidan ajiye dabbobi na garinmu, can gaba da birnin Dubbo. Bakwai daga ciki ina gefenta ina wanke keji. Gajeruwar mace ce mai faɗan tsiya, da can ita ke dafa wa masu askin tumaki abinci. Mutum bai isa ya ga haƙorinta ba, amma a miƙo mata ɗan mage da idonsa bai buɗe ba, sai ka ji tana lallaɓa shi kamar jikanta.

Daga Oktoba ake fara kawo su kwali-kwali, uwayen an harbe su ko mota ta take. Dokarta ɗaya ce: ba a ba jariri madara jikinsa da sanyi. Mu kwalbar ruwan zafi muke sa musu. Ita kuwa tana da jakar ulu irin wadda ake saƙa wa marayun 'ya'yan kangaru, ƙanwarta Merle ce ta saƙa kafin ta rasu. Duk sabon zuwa sai ya shiga jakar nan, ta cusa ta cikin riga a ƙirjinta. Komai na ɗakin jariran ana jiƙa shi a bilic, ruwan kashe ƙwayoyin cuta, ban da jakar. Ta ce bilic cinye ulu yake yi, sabulu da rana sun wadatar. Mun sha tsokanarta da uwar kangaru, ta harare mu, shi ke nan.

Bana abin ya soma. Guda huɗu daga wata gona suka ƙi shan madara a fida, sai amai, sai zawo mai wari, kafin kwana biyu babu ko ɗaya. Mako na zagayowa wasu biyar suka bi su, alhali kejinsu ma ba ɗaya ba ne. Ɗakin da kukan yunwa ke hana mu jin rediyo ya yi tsit. Tsoro ya kama ni, don na lura da abin da ban so na lura ba. Guda uku ne kawai ke ta ƙiba, kuma ranar Lahadi suka zo, ranar hutun Glenys, ba su shiga jakarta ba.

Likitan dabbobi, Farrugia, ya zo ya duba. Ya ce cuta ce mai maƙalewa a tsumma har shekara, sabulu ba ya yi mata komai. In ta sake kama ko ɗaya za a rufe ɗakin har ƙarshen zafi, kuma duk jaririn da aka kawo allurar mutuwa za a yi masa tun daga ƙofa. Ya tambaya ko akwai abin da ba ya shiga bilic. Glenys ta ce babu, kuma na san har zuciyarta take faɗa, don ita ba ta ɗauki jakar ulun a matsayin kayan aiki ba. Ni kuwa ina kallon tudun da ke ƙirjinta, wani ɗan mage ja da aka tsinto ƙarƙashin tankin ruwa da safiyar nan, na yi gum. Har yau ina jin kunyar shirun nan.

Sai da ya fita na ce, "Glenys, jakar nan fa."

"Ke, kiyaye ni. Jakar nan ta raya ɗaruruwa tun ba ki san hanyar gidan nan ba."

Na nuna mata allon da muke rubuta ranar zuwan kowa. Ta daɗe tana kallon Lahadin nan. Can ta zura hannu ta zaro ɗan jan ta miƙo mini, ta jefa jakar cikin bokitin bilic. Ta tsaya a kai har ulun ya narke ya zama kamar koko. Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi.

Muka ware ɗan jan a ɗakin wanki. Kwana huɗu yana zuƙar madara, sikeli na hawa, har na fara sakin jiki. Glenys ko murmushi babu. A na biyar da hantsi ta ɗumama madara, ta ɗiga a bayan hannunta, ta kai masa fida baki. Ya kau da kai. Ta sake, ya sake kaucewa.

Na ce mu ba shi zuwa yamma, babu wanda zai sani. Ko kallona ba ta yi ba, ta ɗauki waya ta kira Farrugia.

"Ɗan nan, zo ka rufe ɗakin," ta ce. "Ni ce na kashe su."