Ladanin Zango da Sirrin 'Yan Bagaruwa

Shekara talatin da ɗaya Idirisu majemi yana kiran salla a masallacin unguwarsu a Zango, bai taɓa makara ba. Rana ɗaya aka raba shi da lasifika. Laifinsa shi ne yana cikin 'Yan Bagaruwa, tsohuwar ƙungiyar majema wadda ba a shigarta sai da rantsuwa, ba a kuma faɗin abin da ake yi a ciki.

Wani Mushe Mahamud, kamar yadda ake kiran 'yan bokon Faransanci, shi ya jawo wannan masifa. Ya yi boko a Yamai, ya dawo ya shiga rediyo yana ta zuba, wai ƙungiyar ta samo asali daga 'yan leƙen asirin sarakunan Barno shekara ɗari takwas da suka wuce, wai kuma wasu masana sun ce matsafa ne da suka biyo ayarin Azbin, suka fake da warin jima. Mutumin da ko ƙirgi bai taɓa ɗagawa ba. Mutanen gari kuwa suka watsar da zancen Barno, suka rungumi na tsafi.

Idirisu ya san gaskiya, daga bakin mahaifinsa ya ji ta. A wata shekarar yunwa majema bakwai suka rantse cewa duk wanda ya mutu a cikinsu iyalinsa ba za su yi roƙo ba, ba za su kuma san hannun da ke ciyar da su ba. Duk wata sai a kai hatsi wurin mai awo, shi kuma ya miƙa wa iyalan, ya ce saƙo ne daga wasu dangi na ƙauyen Dogo. Sirrin ke nan kaf.

Bayan la'asar Liman Bukar ya tsare shi gaban dattawa.

"Malam Idi, faɗa mana abin da kuke yi, magana ta mutu."

"Allah gafarta Malam, rantsuwa na yi."

"To, mu ma ba za mu bi kiran wanda ba mu san cikinsa ba."

Ransa ya ɓaci. Waɗannan fa da muryarsa suke tashi tun ba su yi furfura ba. Amma gida tara ake ciyarwa, in ya buɗe baki, kafin magariba an gama nuna su da yatsa. Ya ɗauki takalmansa ya fita.

Ranar Alhamis ya tarar da Hajara, matar amininsa marigayi Safiyanu, wanda shi ma ɗan ƙungiyar ne, a wurin mai awo tana kokawa da buhu. Ya sunkuya zai ɗora mata a kai. Ta fizge.

"Kada ka taɓa abincin marayu da hannun tsafi," in ji ta. "Shekara shida da rasuwar maigidana, ko tsinke ba ku taɓa aiko musu ba."

Idirisu ya janye hannunsa. Da safen nan shi ya ɗinke bakin buhun.