Ruwan da Ya Bi ta Ɗankwali

Kakarmu Hurera ba ta shan ruwan da bai bi ta ƙyalle ba. Ko gidan biki ta je, sai ta zaro tsummanta ta tace, mu kuwa mu yi ta yi mata tsiya. In an gama tuwo a gidanmu na Wagini, takan tura kara a murhu mu kewaye ta, ta ce ga ta nan, mu ce ta iso.

Tatsuniyar da ta fi zama mini ita ce ta wani falke Tanko, tun Nasara ba su zo Katsina ba. Yana dawowa daga Gwanja da jakunan goro, ƙishi ya kama shi a bakin wani tafki. Wata Bafillatana ta ɗebo ruwa, ta kwance ɗankwalinta ta tace masa. Tanko ya ga raini, shi namiji guda ya sha abin da ya bi ta ɗankwalin mace? Ya ture ƙwaryar, ya durƙusa ya kamfata da hannu.

Ya iso gida lafiya har ya manta. Sai da damina ta zagayo, ana shirin noman fari, kurkunu ya ɓullo masa a idon sawu. Ba shi da kowa sai 'yarsa ƙarama. Ita ke naɗe tsutsar a tsinke, kaɗan-kaɗan kullum, shi kuwa yana zaune ciyawa na cinye masa gero. Ran nan haƙuri ya ƙare, ya fizga da kansa, ta tsinke a ciki. Ƙafa ta kumbura ta ƙage. Bai kai komai rumbu ba, bai kuma ƙara komawa Gwanja ba.

Yayana ya taɓa cewa ai girman kai ne ya ja masa. Kaka ta ce, "Kul, ɗan nan. Mai ƙishi ba ya hango baɗi. Ku dai yi masa addu'a."

Kowace tatsuniya takan rufe ta da cewa ba don Gizo ba da ta yi ƙarya, amma ban da wannan. Na daɗe ina zaton darasin shi ne a tace ruwa. Sai ranar sadakar ukunta na ji liman yana roƙa wa Hurera 'yar Tanko gurgu gafara. Tausayi ya kama ni. Yanzu in na tuna tsumman nan, ƙaramar yarinya nake gani da tsinke a hannu.