Akurkin Ƙadangaru

Daminar da kurkunu ya kwantar da ƙanena ba ta da nisa da samun 'yancin kai. Na tuna haka ne saboda babanmu, wanda tela ne a bakin kasuwar Dogon Dutsi, yana ta ɗinkin tutoci don makarantun ƙauyuka, tsakar gidanmu cike da ƙyallaye kore da fari da ruwan lemo. Ni na ɗan haura shekara goma, shi kuwa bai kai bakwai ba. Ruwan tabki ya sha a wani ƙauye wajen Dumega, wurin dangin innarmu, shekara ta zagayo abin ya fito masa a idon sawu.

Wanda bai taɓa ganin kurkunu ba ya gode wa Allah. Bororo ne yake fara tasowa, ya fashe, sai wani farin zare ya leƙo. Ba a jan sa da ƙarfi. A jikin tsinke ake naɗe shi, kullum kaɗan, domin in ya tsinke a ciki ƙafa takan kumbura har mutum ya rasa inda zai sa kansa. Duk unguwarmu babu mai hannun wannan aiki irin kakarmu, uwar babanmu. Gajeruwar tsohuwa ce mai kaifin baki, ba ta da haƙori ko na rantsuwa, amma in ta kama tsinke sai ka ce ba ita ba. Kowace safiya takan ɗora ƙafar yaron a cinyarta, ta shafa man shanu, ta murza kaɗan, tana tsokanarsa irin ta kaka da jika.

"Maigida, kai kwance, wa ka noma mini gonata bana?"

"Sai kin hiddo haƙora, matata," in ji shi.

Da haka ake gama naɗin bai sani ba. Ba ta kiran sa da wani suna sai maigida, shi ma bai san ta da wani suna ba sai matata.

Ni na kawo ƙwan cikin gidan, ko in ce ni na tono su. Inna ta sa ni sake yashin gindin randa, ina kwasa da hannu sai na ci karo da wasu fararen abubuwa masu taushi, kowanne bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Inna ta leƙa ta ce ƙwan ƙadangare ne, in watsa wa kaji. Ƙanena yana kan tabarma ya ji. Yaron da ya yi makonni ba abin da ke ba shi sha'awa, sai ga shi ya tashi zaune yana roƙo. Na ɗebo su da yashinsu a sakaina, yadda na same su, na ajiye masa a gefen tabarma.

Daga ranar ya sami sana'a. Ya ce tunda uwarsu a wuri mai laima ta binne su, laima suke so. Da safe yakan tsoma yatsu a ruwa ya yayyafa wa yashin, in rana ta taso ya ja sakainar zuwa inuwa. Har rabon gado ya yi musu: babban cikinsu, in ya yi jan kai, nasa ne, zai koya masa cin fara a tafin hannu, ni an ba ni ƙaramin da ke gefe. Ƙwan suka ɗan ƙara girma, suka yi tumɓur. Ya koma cin tuwo da kyau, Inna kuwa ta daina zancen kaji.

Kakarmu dai ba ta ƙaunar ƙadangare, amma ƙwai kam ta san shi, ko ta ɗauka ta san shi. Ita ce mai sa wa kaza ƙwan zabi, ta sa mata na agwagwa, duka su ƙyanƙyashe. Mata har daga bayan dutse sukan kawo mata ƙwai don a ce hannunta ya taɓa. Kullum ta wuce sakainar sai ta girgiza kai.

"Ƙwai cikin sanyi? Wanga ai kisan kai na."

Wata ranar Baba ya ɗora yaron a jaki ya kai shi wurin likita a duba ƙafar, ni kuma ina lakkol, wato makaranta. Tsohuwa ta ga dama ta samu ta yi wa maigidanta abin arziki. Ta tsince ƙwan ɗaya-ɗaya, ta goge su da bakin zanenta, ta kai wa wata kazarta wake-wake da ke kwanci, wadda ba ta taɓa ba ta kunya ba. Ta ɗaga fiffiken ta zuba su ƙarƙashi, ta yi bisimilla. Inna ta ce kazar ta karkata kai ta dube su sau ɗaya, kafin tsohuwa ta miƙe daga durƙuso ta haɗiye su tas. Garin neman gira aka rasa ido.

Da na dawo na tarar da ƙanena ya juya fuska bango, sakaina a kife. Bai yi kuka mai sauti ba, da ma ya yi. Tsohuwa na tsaye a bakin ƙofa tana ta bayani.

"Ɗumi nis so su ji, maigida. Haka aka yi ma ƙwai tun duniya na kwance."

Washegari ta zo da man shanunta da safe, ya naɗe ƙafarsa cikin zane ya ce Inna yake so. Baba ya yi faɗa, ya yi lallashi, a banza. Taurin kan nan a wurinta ya gado shi, kowa ya sani. Inna ta karɓi tsinken tana tsoro, kuma tsoron ne ya ja mata: ba a daɗe ba zaren ya tsinke. Ƙafar ta kumbura har gwiwa, zazzaɓi ya rufe shi. Tsohuwa ke dafa magani a ɗakinta ta ba ni in kai, ta ce kada in faɗi daga inda ya fito. Na ji tausayinta ƙwarai a kwanakin nan. Ta rage surutu, har kajinta ta daina zagi.

Kumburin ya sauka a hankali, amma sai ga wani sabon bororo yana tasowa a ɗaya ƙafar. Kowa a gidan ya san ma'anarsa: wani kurkunun na tafe, kuma in aka sake tsinka shi ba wanda ya san yadda yaron zai ƙare. Inna ta ce ita kam hannunta ba zai ƙara taɓa tsinke ba.

A lokacin ne tsohuwa ta yi abin da ya ba unguwa dariya. Ta tuna tun farkon damina ta ga wata macen ƙadangare tana tono a gindin rumbu, har ta jefe ta da takalmi. Ta je ta tsaya a wurin tana duban ƙasa. Na ce mu tona mu gani ko akwai wani abu.

"A'a," in ji ta. "Hannuna ya yi ɓanna sau guda, ya isa."

Ta fitar da 'yan tsakinta daga akurki ta mai da su ɗakinta, ta kife akurkin a kan wurin don kada kaji su yi tono. In an kwana biyu ba ruwan sama sai ta yayyafa da yatsu, yadda ta ga yaron yana yi. Sannan ta sa Baba ya mai da tabarmar yaron inuwar rumbun, wai ɗaki ya yi zafi. Maƙwabta suna leƙowa ta katanga suna tambaya ko tsohuwa ta fara kiwon ƙasa ne. Wata ma ta ja Inna gefe ta ce a bincika, kada iska ce ta taɓa ta. Ita kanta ba ta san ko da ƙwai a wurin ko babu ba, kuma ba ta ce wa yaron komai ba. Shi ma bai tambaya ba, sai dai na lura idonsa ba ya barin akurkin.

Gero ya fara nuna lokacin da abin ya faru. Da hantsi ne, ina wanke-wanke, tsohuwa na sussuka a can nesa da ƙanena kamar yadda ta saba a kwanakin. Bororon ya riga ya fashe, farin zaren ya leƙo, ba mai taɓawa. Sai na ji ya ja numfashi. Ƙasar cikin akurkin tana motsi. Wani ɗan kai ya ɓullo, yashi a bisansa, ya tsaya yana kallon duniya. Wani ya biyo shi, sai wani. Ƙanana ne sosai, ba su kai ɗan yatsana ba, amma har sun iya gyaɗa kai irin na iyayensu. Akurkin kaji ba ya tsare irinsu. Ta ramukan saƙar suka fice, suka haye jikin rumbu, ba wanda ya tsaya a koya masa cin fara. Na ɗauka zai yi kuka. Dariya ya yi, irin wadda muka manta da ita a gidan.

"Matata!" ya ƙwala. "Taho ki gani, sun hito!"

Ta saki taɓarya ta taho da saurin da ban san tana da shi ba. Kafin ta iso saura ɗaya kawai a bakin ramin, ta durƙusa tana kallonsa, tana share ido da gefen ɗankwali, wai ƙaiƙayi ne ya faɗa mata. Shi kuwa ya janye zanen a hankali, ya miƙa ƙafar ya ɗora a cinyarta. Na ruga na kawo man shanu da tsinke. Ta karɓa, amma hannun nan da bai taɓa rawa ba sai kakkarwa yake yi, ta kasa ko kusantar zaren.

"Bari shi tsaya tukuna," in ji shi. "Ba inda za ni."