Rigar da Ke Cikin Gilashi

Hajiya Barira ta Ƙofar Kuyambana mace ce da zama ke yi wa wuya. Tana 'yar shekara tara mahaifiyarta, wadda kowa ke kira Iya, ta danƙa mata allura, yau shekara hamsin ke nan tana yi wa manyan riguna ado. Masu shago su kawo yadi, su karɓi riga, su sayar da sunansu. Ita dai in akwai aiki a cinyarta, ba ruwanta.

Sai ga korona. Aka kafa dokar kulle, zare ya daina zuwa daga Kano, ba biki, ba suna, ba mai neman rigar salla. Barira ta dinga share tsakar gida sau uku a wuni. Ta leƙa zaure, ta dawo, ta sake leƙawa. Ran nan har ta ɗauko rigar marigayi mijinta ta warware adonta kaf, don kawai ta sami abin ɗinkawa.

A haka Malama Salma ta same ta, 'yar maƙwabcinsu da ke koyarwa a jami'a. Ta tsaya daga nesa da takunkumi a fuska, ta ce wani gidan adana kayan tarihi a ƙasar waje ya rufe saboda annobar, ya koma nuna kayansa ta intanet. Ranar Asabar za a nuna rigunan Hausa, ana son a ga mai ɗinki tana aiki.

"Fuskata a waya? Allah ya kiyaye."

"Hannunki kaɗai za a gani, Gwaggo."

Ranar Asabar bayan la'asar Salma ta jingina waya a jikin turmi. Wani farfesa ya kama Turanci, Salma na fassarawa, sabis na ɗaukewa yana dawowa. Barira ta yi ɗinki, ta ajiye, ta je ta duba tukunya, ta dawo.

"Wannan bawan Allah ba ya numfashi ne?"

Can sai wata ma'aikaciya, ita kaɗai a cikin ginin, ta haska wata riga a cikin gilashi, ta saƙi mai adon aska takwas. Salma ta ce an rubuta cewa aikin wani namiji ne da ba a san sunansa ba.

Allurar Barira ta tsaya.

"Ce mata ta matso da wayar wajen aljihu."

"Gwaggo, farfesa bai gama ba."

"Na ce ki ce mata."

Aka matso. Duk ɗinkin ya kwanta ta ɓangaren da na sauran mutane ba ya kwantawa. Iya bahaguwa ce, kuma Barira ta sha duka a kan ta kasa kwaikwayon wannan hannu.

"Ce mata ta buɗe bakin aljihun. Akwai ƙulli uku na jan zare daga ciki."

Aka ɗan yi ta muhawara ta intanet ɗin, sannan ma'aikaciyar ta sa safar hannu ta buɗe gilashin. Ta ɗaga bakin aljihu a hankali. Ga su nan, uku, sun koɗe.

Barira ta fizgi wayar ta kawo ta dab da idonta. Mutum fiye da ɗari biyu suka ga fuskarta, ko a jikinta. Da aka nemi cikakken sunan mai ɗinkin sai ta raɗa wa Salma a kunne, don bakinta bai taɓa furta sunan Iya a fili ba. Salma ta rubuta: Mairo Sailuba, Zariya.

An gyara rubutun da ke gaban rigar a makon, amma hankalin Barira bai kwanta ba. Ta matsa wa Salma sai da aka turo hotunan sauran riguna goma sha ɗaya, ta shiga buga wa tsofaffin matan unguwa waya ɗaya bayan ɗaya. Sun gano waɗanda suka ɗinka riguna biyu. Ta ukun kuwa har yau ita da Hajiya Zainab ta Kufena ba su daidaita ba: Zainab ta rantse ɗinkin kakarta ne, Barira ta ce kakar Zainab ko hula ba ta iya kammalawa ba.