Malam Sada Ma'u, Wanda Ya Kalli Rediyo Da Ido

Mu na Allah ne, kuma wurinSa muka dosa. Da hantsin Laraba, 11 ga Maris, 2015, Zakari ya kira ni ya ce mahaifinsa, Malam Sada Ma'u na Ƙofar Durɓi, ya cika bayan gajeriyar jinya. Bayan la'asar muka kai shi makwancinsa.

Malam Sada, tare muka koyar a makaranta ɗaya, kai kimiyya, ni tarihi. A zamanin soja cikin ɗaki kake ɓoye eriyarka, don wanda aka gani da doguwar waya a kan soro sai an tambaye shi da wa yake magana. Da mulki ya dawo hannun farar hula a 1999, da rana tsaka ka hau soro ka kafa ta, ka buɗe zaurenka ga duk mai sha'awar kamo tashoshin nesa. Tela, ɗan acaɓa, ma'aikacin gwamnati, tabarma ɗaya muke zama. Da Babaji ɗan acaɓa ya karye a ƙafa, rediyon da ka fi so ka kai masa, kuma duk Juma'a sai ka je ka ji wace ƙasa ya kamo.

Kana da wani rediyo da ake haɗawa da kwamfuta, muna alfahari da shi. Sai jinka ya fara raguwa. Likita ya ce ba zai dawo ba. Na taɓa tarar da kai ka ƙure murya har maƙwabta na ji, kai kuwa kana tambayata ko tashar ta kama. Muka ba ka shawarar ka haƙura ka huta. Ka ce, "Kunne ne ya tafi, ni ina nan."

Ba a jima ba ka sa aka kawo maka wata 'yar na'urar rediyo da ba ta fi ɗan yatsa ba, ka soka ta a kwamfuta. Na ce ai duk ɗaya ne da tsohon.

"A'a, Malam Audu," ka ce. "Wancan, kwamfuta hannu ce kawai. Ta canza mashi tasha, ta ƙara murya, amma aikin duk cikin akwatin ake yin shi. Abin da maƙerinshi bai sa ba, ba ta iya ƙarawa. Wanga kuwa igiyar tashar yake kamowa ɗanya, shi miƙa ma manhaja, ita ke tacewa ta maida ta magana ko hoto. Ka canza manhaja, ka yi sabon rediyo."

Ka juyo mana da allon. Ga tashoshi jere kamar zaren saƙa, kowace da launinta. Da ido ka koyi gane su. Daga baya har hoton gajimare ka riƙa kamowa daga tauraron ɗan Adam, kana nuna mana hadari kafin ya iso Katsina.

Wannan ne ka ɗauka ka kai wa ɗaliban makarantar kurame, waɗanda tun haihuwa aka ce rediyo ba nasu ba ne. Suka fara zuwa zaurenka duk Asabar. Ba ku yi nisa ba ciwo ya kwantar da kai. A asibiti ka riƙe hannuna ka ce, "Kar su zo su iske ƙofa rufe."

Ba za su iske ta rufe ba. Matarka Hajiya Suwaiba ta bar mana zauren da kayan. Ni malamin tarihi ne, kuma na tsufa, amma na zauna gaban Zakari ina koyon manhajar, Babaji kuma ya ɗauki nauyin ɗauko ɗaliban. Asabar mai zuwa akwai darasi.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa abin da ka koyar ya zame maka sadaka mai gudana. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Suwaiba, da 'ya'yanka Zakari da Zainab, da jama'ar Ƙofar Durɓi. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya ba mu ikon cika alkawari, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.